A fito da darasin Ingilishi filin rairai

 Yau maganar makaranta ce, amma ta shafi har wanda bai taɓa taka ƙofar lakwal ba, don haka a daure a karanta har ƙasa.

Ranar 26 ga watan Maris na 2025 shugaban ƙasa Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, inda aka rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A cikin watan ne ma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. An yi murna, an yi gardama a fada-fada da gidajen rediyo, kowa ya faɗi tasa. To amma kundi yana Yamai, yaro kuma yana nan ajin siziyam a CEG ɗin ƙauye. A yawancin azuzuwan da muka sani, Ingilishin da ake ba shi yana nan yadda muka baro shi: mushe ya rubuta a tabulo, yara su kwafe a kaye, a haddace, ranar jarrabawa a zuba, washegari a manta. Shekara huɗu daga siziyam zuwa turwaziyam, mai rabo ya ƙara uku a lise, ya fito da takarda a hannu amma bai iya ce wa mutum "matsa kaɗan" da Ingilishi ba.

Ra'ayinmu a nan shi ne: watannin farko na Ingilishi a yi su a tsaye, a fili, da kalmomin jiki da na motsi, kuma daga Hausa kai tsaye, ba sai an bi ta Faransanci ba. Tashi, zauna, sunkuya, juya, ɗaga hannu, taka, tsaya. Da waɗannan ya kamata a buɗe wa yaranmu ƙofa.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci, kowa ya tambayi kansa: cikin duk abin da aka ɗura mana, me ya fi zama daram? Dogayen jadawalin sarrafa aikatau dai rabinsu ya bi iska tun kafin sakamakon BEPC ya fito. Abin da ya zauna shi ne "debout", "assis", "en rang", "bras croisés", "à genoux". Ka samu magidanci mai shekara hamsin wanda aka cire daga lakwal tun yana CE1 aka mai da shi kiwo, ka shammace shi ka ce "debout", wallahi sai ka ga ƙafarsa ta motsa kafin ya tuna shi yanzu mai jikoki ne. Ba wanda ya taɓa fassara masa kalmar. Mushe ya faɗa, aji duka ya miƙe, shi ma ya miƙe, shi ke nan ta shiga.

Tsallaka iyaka ka je Jibiya ko Daura, labarin ɗaya ne. Yaron da ba ya iya haɗa jimla guda ta Ingilishi ya san "stand up", ya san "sit down" da "hands up", ya san "kneel down" har Hausar can ta haɗiye ta, ta koma nildawun. Kakanninmu da Turawa suka ɗauka soja, da yawansu ba su san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma a filin fareti suka koyi hagu da dama da harshen da ba nasu ba, suka dawo gida da kalmomi irin su kofur da samanja a wancan ɓangare, kumandan da jandarma a namu.

Mun sani, da bulala aka koyar da mafi yawan wannan. Durƙuso a kan tsakuwa, tsallen kwaɗo, kama kunne, da wancan abin wuya, sambol, da ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a harabar lakwal. Ba mu kewar wannan zamani ko kaɗan. Sai dai in aka cire bulalar aka jefar, akwai abin da ya rage: kalmar da jiki ya aikata ba ta saurin fita.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da mu, kuma ba bulala a cikinsa. Wa ya zaunar da mu ya ce ruku'u na nufin kaza, sujada na nufin kaza? Bayan iyayenmu muka tsaya a sahu muna ƴan shekara shida ko bakwai, suka sunkuya muka sunkuya, suka kai goshi ƙasa muka kai. Kalmomin Larabci ne, amma tsohuwar da ba ta taɓa barin Gulbin Kaba ba, ba za ta taɓa rikita ruku'u da sujada ba. Haka ma a fagen wasa. Abdul Razak Isufu Alfaga, wanda ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, wasansa na takwando da harshen Koriya ake ba da umurni a cikinsa ko'ina a duniya. A daidaita tsayuwa, a gaisa, a fara, a rabu, duk da Koriyanci alƙali ke faɗa. Yaran da ke koyon wasan a Yamai da Maraɗi ba wanda ya buɗe musu ajin harshen Koriya, amma ba su kuskure umurnin.

Masana ma sun daɗe da lura da haka. Tun 1880 wani Bafaranshe, François Gouin, ya fitar da littafi yana cewa a koyar da harshe ta jerin ayyukan da mutum ke yi ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1960 kuma wani malamin jami'a a Kalifoniya ta Amurka, James Asher, ya gwada koya wa ɗalibai harshen Japan da na Rasha ta hanyar umurni kawai: malami ya faɗa, ya aikata, ɗalibai su aikata tare da shi, ba a tilasta wa kowa buɗe baki sai ya ji ya shirya. Har yau ana amfani da hanyarsa a makarantun ƙasashe da yawa. Abin da ya rubuta a littafi, uwa a Mairairai tana yin sa kullum da ɗanta na goye: zo, kawo, aje, zauna. Yaro yakan yi watanni yana bin umurni kafin ya furta kalma guda.

Me ya sa muka nace sai daga Hausa? Saboda yaronmu ba da hannu biyu wofi yake zuwa aji ba. Bahaushe bai yi wa zama suna ɗaya ba. Akwai tsugunno, akwai durƙuso, akwai gurfana gaban sarki ko alƙali, akwai rusunawa in za a gaida surukai, akwai zaman harɗe na malam da almajiransa, akwai zaman dirshan, akwai ɗosana mazaunai a bakin benci kamar mai shirin gudu, akwai kishingiɗa bayan an ci tuwo, da jingina da bango, da tagumi. Kwanciya ma iri-iri ce, ko rigingine ko rub da ciki ko ta gefe. Tafiya kuwa ba a magana: sanɗa, rarrafe, ɗingishi, sassarfa, taƙama, tangaɗi, ja da baya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya san duk waɗannan, ya san inda kowace take da wanda ake yi wa ita. To sai a shiga aji, mushe ya rubuta "squat", ya sa alamar daidai, ya rubuta "s'accroupir". Yaron bai san ta farko ba, ta biyun ma bai taɓa jin ta ba. An haɗa shi da baƙo ya raka shi gidan wani baƙon. Alhali da mushe ya tsugunna gabansa ya ce "squat", magana ta ƙare a cikin ƙiftawar ido.

Kuma daɗin abin ma yana wurin da harsunan biyu ba su yi daidai ba, nan ne yaro ke fara tunani. Mu tsalle muke cewa, su sun raba shi. In da ƙafa biyu ne "jump", in da ƙafa ɗaya ne irin na ƴan langa "hop", in na igiya ne irin na ƴan mata "skip". Wace fassara a tabulo za ta bayyana wannan kamar a ce yara uku su fito, kowa ya yi nasa? Mu kuma muna da namu wurin da muka fi su rarrabewa. Miƙa da ake yi in an tashi barci, ita ce "stretch", haka miƙa hannu sama ko miƙe ƙafa, amma in ka miƙa wa mai shago kuɗi ba "stretch" ka yi ba. Wanda ya sunkuya ya ɗauki abu a ƙasa "bend" ya yi, wanda ya rusuna don girmamawa "bow" ya yi, duk da bayan ɗaya ne ya lanƙwasa. "Lie down" kwanciya ce, ba barci ba. Ko ita "squat" ɗin ma ta masu motsa jiki ba irin tsugunnonmu na hutawa ba ce: tasu ana sauka ana tasowa, baya a miƙe, ana ƙirgawa. Abin dariya, a manyan biranen Turai akwai masu biyan kuɗi a koya musu tsugunno da diddige a ƙasa, wanda kakanninmu mata ke wuni suna yi a bakin murhu.

Akwai wani sirri da Bahaushe zai fi mai Faransanci saurin kamawa. Ingilishi yana son ƴan ƙananan kalmomi da ake liƙa wa aikatau a baya, su "up", "down", "in", "out", "back", "around", kuma su ne ke juya ma'ana. "Sit down" zauna, "sit up" daidaita zamanka ko tashi zaune. "Stand up" miƙe tsaye, "stand back" ja baya, "stand still" tsaya cik. Faransanci yakan canza aikatau ɗin gaba ɗaya, shi ya sa ɗan lakwal ke ruɗewa, yana neman sabuwar kalma inda babu. Mu kuwa mun saba da ƙaramin canji mai nuna inda aka dosa: sauka da sauko, juya da juyo, matsa da matso, fita da fito. Wanda ya san bambancin "matsa" da "matso" tun yana rarrafe, ba zai sha wahalar "move back" da "move in" ba, muddin da ƙafarsa aka nuna masa.

Sai maganar furuci, wadda ita ce babban ciwon mu ƴan lakwal. Idonmu da ƙa'idar Faransanci ya koyi karatu, don haka duk kalmar Ingilishi da muka fara gani a rubuce, da bakin Faransanci muke fitar da ita. "Bend" sai ta fito ta hanci. "Knee", wato gwiwa, da "kneel", sai mu furta harafin farko alhali shiru yake. "Walk" da "work", tafiya da aiki, sun zama ɗaya a bakin mutane da dama. Ga kuma namu na Hausa: harafin "p" ba namu ba ne, sai "pull" ta koma "full", ja ya koma cike. In kunne ya riga ido, yaro ya ji kalmar sau talatin yana aikata ta kafin ya ga yadda ake rubuta ta, rubutun ba zai ɓata masa baki ba. Kuma a yi hattara da Ingilishin aro da Faransanci ya ba mu. Gudun safe da muke kira futin, in ka je Kano ko Akara ka ce za ka "footing" ba wanda zai gane ka, su "jogging" suke cewa.

Wani zai ce, to duk wannan wahalar don me? Ba don jarrabawa kaɗai ba ne, kodayake ita ma tana ciki. Ku duba bayan gari da la'asar sakaliya, ko bayan wasu gidaje. Samari sun cika gwangwanaye biyu da siminti, sun soka sandar ƙarfe a tsakiya, sun jingina waya da dutse, suna kallon wani ƙato a YouTube ko TikTok suna kwaikwayo. Ba laifi ba ne, ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Amma mafi yawan waɗannan bidiyoyi da Ingilishi suke, kuma mai bidiyon da baki yake faɗin abin da ya fi muhimmanci. Yana cewa "warm up", a ɗumama jiki tukuna. Yana cewa "keep your back straight", kar a bar baya ya gantsare ko ya doro. Yana cewa "bend your knees", "breathe out", "rest", yana cewa in ka ji zafi ka tsaya. Yana faɗin sau nawa za a maimaita, zagaye nawa, hutun daƙiƙa nawa a tsakani. Yaronmu hoton kawai yake gani. Ya ga an ɗaga, shi ma ya ɗaga, da baya a lanƙwashe da numfashi a riƙe. Bayan wata biyu ka gan shi yana tafiya yana dafe da ƙugu, ana cewa sanyi ne ko sammu. Kalmomin da za su tsare masa ƙashin bayansa ba su kai talatin ba.

Haka wanda ya tafi neman kuɗi. Buhun siminti kilo 50 ne, bido mai lita 25 in ya cika da ruwa kilo 25 ne, buhun hatsi kowa ya san nauyinsa. Ƴaƴanmu da ke leburanci a wuraren gini na Abuja da Legas, ko waɗanda za su nemi aiki a hanyar jirgin ƙasa da ake shimfiɗawa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ba kullum shugaban aiki ke jin Hausa ba. In ya ce "lift", "hold", "drop it", "move back", "watch out", ba lokacin neman tafinta. Ƙarfe yana saukowa daga sama, tsakanin wanda ya gane da wanda ya tsaya kallon bakin mai magana, daƙiƙa ɗaya ce. Ga kuma marasa lafiyarmu da ke tsallakawa asibitocin Katsina da Kano, har da asibitin ƙashi na Dala. Likitocin da yawa suna jin Hausa, Alhamdu lillahi, amma duk abin da za a rubuto maka ka zo da shi gida da Ingilishi ne. In an rubuta yadda mai karaya zai riƙa lanƙwasa gwiwa yana miƙewa sau kaza a yini, a gida ɗan CEG za a kira ya karanta. In bai san "bend" da "straighten" ba, takardar ta zama ta ƙunshe ƙuli-ƙuli.

Mun san manomi zai yi dariya. Baba zai ce, mu da muke noman tsaye tun hantsi bai fito ba, ko uwarku da ke daka da jan ruwa a rijiya mai gaba da yawa, mu za a koya wa motsa jiki? Gaskiyarka Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma minti 60 a kowace rana, kai kuwa da damina kana cika naka kafin azahar ɗin Litinin. Amma gari ya canza. Akwai ɗan kabu-kabu da ke wuni a kan babur, akwai tela, akwai mai shago, akwai ma'aikacin meri, akwai mu ƴan rediyo, akwai masu zaman fada daga shayin farko zuwa na uku. Hawan jini da ciwon suga da a da ake cewa na masu kuɗin birni ne, yau kowa ya san wani nasa da ke fama. Sa'annan wahala daban, iya ɗaukar kaya daban. Noman duƙe, daka, da ɗora bido a ka suna ƙarfafa jiki, amma su ne kuma ke kai mutane CSI da ciwon baya. Ka'idar a lanƙwasa gwiwa a bar baya a miƙe in za a ɗaga nauyi, da kowane harshe aka faɗe ta tana da amfani. In yaro ya koyo ta a darasin Ingilishi ya kawo ta gida da Hausa, riba biyu ke nan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa an rabu da Bukar an haifi Habu: yanzu aka ɗaga darajar Hausa, ku kuma kuna kiran wani harshen Turawa. Muna jin su, kuma ba mu raina maganar ba. Amsarmu ita ce hanyar da muke kira a bi ita ce ke shigar da Hausa aji a matsayin mai gida. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, fiye da shekara hamsin ke nan, amma har yanzu a CEG ana kallon Hausa kamar abin da ake ɓoyewa in sufeto ya shigo. Malamin da zai koyar da "kneel" da "bow" da "squat" ta wannan hanya dole ya fara tambayar yara, wannan me kuke ce masa a gida? Dole a tono gurfana da rusuna da ɗosana, kalmomin da yaran birni suka fara mantawa. Kuma ba mu ce a sauya sunan abin da muke da sunansa ba. Kokowa tamu ce. Tun da Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975 har zuwa zamanin su Isaka Isaka na Doso, ba a taɓa rasa kalmar Hausa ta kamu ko ta kaye ba. Mai sharhin wasa da ke cewa "échauffement" a rediyo alhali ga ɗumama jiki, kar gobe ya koma cewa "warm up" ya ɗauka ci gaba ne. Ingilishi na fita waje ne, na waya, na asibitin Kano, na wurin gini. A gida a yi Hausa.

Sai batun ƴan mata, wanda in ba a faɗe shi a fili ba shi zai kashe shirin a ɓoye. Akwai iyayen da ba za su yarda ƴarsu budurwa ta yi tsalle gaban samari da malami namiji ba, kuma in aka matsa, cire ta za su yi daga makarantar gaba ɗaya. Kada a kai ga haka. A raba sahu, inda akwai malama ita ta ɗauki ƴan mata, inda babu a zaɓi babba a cikinsu ta riƙa ba da umurnin. Rabin kalmomin ma ba su buƙatar tsalle: ɗaga hannu, nuna, taɓa kafaɗa, juya hagu, taku uku gaba, tafa. Da hijabi ake yin su, ko a cikin aji. Yarinyar da ta iya gaɗa, tafi da taku da juyi ba ita za a koya wa ba, sunansu kawai za a ba ta.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan hanya ita ce maganin kome. Ba za ta koya wa yaro rubuta wasiƙa ba, ba za ta bayyana masa kalmomi irin su adalci ko tattalin arziki ba. Bayan wata biyu ko uku dole a koma ga littafi da alli da nahawu. Amma wanda ya koma yana da kalmomi ɗari a jikinsa, kuma ya daina tsoron harshen, ba ɗaya yake da wanda aka fara da shi da jadawali ba.

Abin da ya sa muka ga ya dace da yankinmu musamman shi ne ba ya cin ko dala. A watan Oktoba ake komawa makaranta, amma kowa ya san inda azuzuwan zana ne sai an jira an gama girbi an samu kara kafin a kafa runfuna. Makonni suna wucewa, malami yana nan, yara suna nan, ana cewa ba aji. To wannan darasi ba ya neman aji, ba ya neman tebur, ba ya neman littafi ko lantarki. Inuwar gawo ko ta aduwa ta isa, ga rairai mai laushi wanda sunan garin ma ya faɗe shi, wanda ya faɗi ba zai ji ciwo ba. Kalma goma a mako, cikin mako goma an samu ɗari kafin hutun Disamba. Inda akwai malamin EPS, shi da na Ingilishi su haɗa awa ɗaya a mako, ɗaya ya kula da yadda ake motsin, ɗaya da yadda ake faɗinsa. Wasan nan da muka yi muna yara, "Jacques a dit", masu Ingilishi ma suna da shi, "Simon says" suke ce masa: ba a bin umurni sai an ambaci sunan mai umurnin, wanda ya motsa ba a ambata ba ya fita. A sa masa "Sarki ya ce" in ana so, yara za su ci gaba da shi da kansu a dandali da farin wata.

Muna kira ga masu kula da makarantun sakandare a Mayahi da Tasawa su ba malamai izini a rubuce, domin malami ɗan kwantaragi ba zai fitar da yara fili ba in yana tsoron a zo a ce wasa yake maimakon aiki. Ƴan kwamitin COGES su yi wa iyaye bayani tun kafin a fara, kar wani ya wuce ya ga ɗansa yana tsalle a bakin makaranta ya ɗauka gwale-gwale ake ba shi. Gidajen rediyonmu na karkara kuma minti biyar da safe ba zai gagare su ba: a faɗi kalma, a faɗi Hausarta, mai saurare ya aikata a tsakar gidansa.

Malaman Ingilishi na CEG-CEG ɗinmu, in akwai wanda ya riga ya gwada, ya gaya mana yadda yara suka karɓa da inda ya ci tura. Iyayenmu da kakanninmu kuma muna roƙon a tambaye su sunayen zama da tsayuwa da tafiya da na kamun kokowa da ba mu ambata ba, musamman irin na nan arewacin Mayahi, a turo mana a rubuce ko da murya. Za mu tattara su mu miƙa wa malaman kafin a koma makaranta.